Kwazazzabo Na Cin Kurminmu: Aikin Da Ke Gabanmu Kafin Ruwa Ya Sauka

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kudancin Kaduna, ko a gindin duwatsun Filato, ko a ƙasar Nasarawa, ya san abin da ake kira kurmi. Shi ne wannan duhuwar itatuwa da ke bin kwari, inda ko da tsakar rana a watan Maris mutum zai shiga ya ji sanyi ya ratsa shi. A nan iyayenmu mata suke ɗebo ruwan sha sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe. A nan ake samun gwangwalar tukurwa ta yin gado da jinka, da gora, da kwakwar manja, da ɗinya da kanya da malmo na yara. Sunayen garuruwanmu ma shaida ne, kamar su Kurmin Musa da Kurmin Jibrin, har da Kurmin Mashi da ke cikin birnin Kaduna. Sunayen suna nan, amma a wurare da yawa kurmin kansa ya tafi. Abin da ya gaje shi kuwa shi ne kwazazzabo mai jar ƙasa, bakinsa a buɗe, yana matsowa kusa da gidaje kowace damina.

Mun ga ya kamata mu kawo wannan magana yanzu da rani, tun da sauran lokaci, gama ba ranar da hadari ya haɗu ake fara aikin hana zaizayar ƙasa ba. Za mu fara da abin da ya same mu a ƙauyen da muke hidima, ko da yake labarin ba na yabo ba ne gare mu.

YADDA MUKA SAYAR DA INUWARMU

Bayan majami'armu akwai kwari mai kurmi, da idon ruwa a gindinsa. Shekara tara ke nan da muka gama ɗaga ginin sabuwar majami'a, sai kuɗin rufi ya gagara. Ana cikin haka masu yankan katako suka zo suka taya manyan itatuwan maɗaci da loko da ke cikin kwarin. Dattawa suka zauna aka shawarta, aka yarda, mu ma da bakinmu a ciki. Cikin mako biyu zarton inji ya kwantar da itatuwan da kakanninmu suka tarar a tsaye. Babbar mota ta yi wa kanta hanya, ta gangara har bakin rafi domin kwasar katako. Aka rufa majami'a da kwano, aka yi bikin buɗewa, aka ci aka sha, aka yi murna. Da masu gawayi suka ga an buɗe ƙofa, sai suka bi ragowar. Samari kuma suka shiga cinna wa wurin wuta kowane rani domin farautar gafiya.

A damina ta fari ba mu ga kome ba sai 'yar tsaga a kan sawun tayar mota, wadda ƙaramin yaro zai tsallake. A ta biyu ta kai gwiwa. A ta huɗu, idan mutum ya shiga ba a hangen kansa. Yashi ya binne idon ruwan da bai taɓa ƙafewa ba, mata suka koma tafiya mai nisa da tulu. A damina ta biyar bakin kwazazzabon ya iso taku goma sha biyu daga kabarin farko na maƙabartarmu. Wata Lahadi bayan sujada wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa har kowa ya watse, sa'an nan ta ce, “Malam, idan ruwa ya tono maigidana, ina za ku ce in kai shi?” Ba mu sami abin da za mu ce mata ba.

Muka tashi haiƙan. Da fari aka ce kowane gida ya riƙa zuba shara a ciki. Ruwa ya kwashe sharar ya watsa ta a fadamar mutanen da ke ƙasa da mu, aka kusa yin rigima. Muka jera buhunan yashi, rana ta cinye buhunan. Daga bisani muka ɗauki baikon godiya na kaka ɗungum, muka sayi siminti da bulo, muka gina katanga doguwa ta tare kwarin daga gaɓa zuwa gaɓa. Ruwan dare ɗaya na watan Agusta ya zagaye ta ta gefe, ya haƙa ƙarƙashinta, da safe muka tarar da ita a kwance, kwarin kuma ya fi dā faɗi.

Wani malamin gona ne ya buɗe mana ido. Da ya zo bai ko tsaya duban katangar ba, sai ya tambaye mu, “Ruwan nan daga ina yake fitowa?” Ya ce ranar da aka yi ruwa mu ɗauki laima mu bi shi zuwa sama. Muka bi. Ashe daga rufin majami'armu yake farawa, ya haɗu da na filin makaranta, da na gonakin da aka ja kunyoyinsu daga tudu zuwa gangare, dukansu su zube a tsohuwar hanyar motar katako. Shekara biyar muna faɗa da ruwa a inda ya gama tara ƙarfinsa, alhali kuwa a inda ya fito ko ƙaramar kunya tana iya tsai da shi.

YADDA RUWA YAKE HAƘA KWAZAZZABO

Masanan ƙasa sun bayyana abin da ke faruwa dalla-dalla. Babban ɗigon ruwan sama yana faɗowa da gudun kimanin mita 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya sauka a kan ganye ko ciyawa, ƙarfinsa ya mutu a nan. Idan kuwa ya sami ƙasa tsirara, sai ya farfasa ta, ɓarɓashin ya toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya nutse, fuskar ƙasa ta yi ɓawo. Ruwan da ya rasa hanyar shiga ƙasa dole ya gangara. Tun yana shimfiɗe yakan kwashe ƙasar sama a hankali, manomi ba ya lura sai ya ga saiwar masara a waje. Amma da zarar ya sami hanya guda, ko sawun mota, ko turbar rafi, ko kwarin kunya, ko bakin kwalbati, sai ya taru ya ƙara gudu. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinsa ya ninka sau huɗu.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Rufin majami'a mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, zai zubo da lita 10,000, watau duro 50 na lita 200. Hekta ɗaya ta gona kuwa za ta karɓi lita 500,000 a wannan ruwan. Ko rabinsa ne ya gangara, duro 1,250 ke nan suka nufi kwari a cikin 'yan sa'o'i. Haka kuma idan ruwa ya kankare ƙasa mai kaurin milimita 1 kacal daga hekta ɗaya, abin da ido ba zai gani ba, an yi hasarar fiye da tan 10 na ƙasar da ta fi taki. Ƙasar nan kuwa takan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin inci ɗaya ya samu. A rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2015, an nuna cewa kimanin kashi 33 cikin 100 na ƙasar duniya ta riga ta lalace, zaizaya kuma tana cikin manyan dalilai.

Kwazazzabo yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowa ya sani: da baya yake tafiya, watau tudu yake hawa. Ruwa yakan faɗo daga bakinsa, ya haƙa rami a gindi, ya ci ƙarƙashin gaɓa, gaɓar ta rasa abin tsayawa ta rufta. Gobe a sake haka. Saboda haka mai gida a kan tudu da yake ganin ɓarna tana can ƙasa a gonar wani, ya sani wurinsa take zuwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

AIKIN DA KURMI YAKE YI MANA

Mutane da yawa suna tsammani rassan manyan itatuwa ne suke kāre ƙasa, kamar laima. Wannan rabin gaskiya ne. Ruwan da ya taru a ganye ya ɗigo daga dogon itace, ɗigonsa manya ne, yana kuma dukan ƙasa da ƙarfi. Ainihin mai tsaron ƙasar kurmi shi ne abin da ke ƙasa: busasshen ganyen da ya zuba ya ruɓe, da ƙananan tsire-tsire, da ciyayi, da kurangar da ta sarƙe ko'ina. Su ne suke karɓar dukan ruwa, su ciyar da tana da gara waɗanda suke huda ƙasa, ruwa ya nutse. Saiwoyi kuma su ɗaure gaɓa kamar yadda zare yake riƙe tufa. Ruwan da ya nutse da damina shi ne yake fitowa a idon ruwa da rani. Ashe zaizayar ƙasa da ƙafewar rafi ciwo ɗaya ne.

Wannan ya sa kurmin da ake ƙonewa kowace shekara yana iya zaizayewa ko da itatuwansa suna tsaye. Shi ya sa kuma gandun itacen tik, wanda faffaɗan ganyensa yake hana ciyawa fitowa a ƙarƙashinsa, ba ya maye gurbin kurmi a kan gangare.

TSORO YA TAFI, ME MUKA SA A MADADINSA?

Akwai wata magana mai nauyi da ya wajaba mu faɗa wa kanmu. A zamanin kakanninmu, a ƙauyuka da yawa kurmi wurin dodo ne da tsafi. Ba mai shiga da gatari, ba mai kai wuta, ba mai noma har bakin rafi, domin tsoro. Da bishara ta zo, tsoron nan ya kau, muna kuwa gode wa Allah saboda wannan 'yanci, ba ma marmarin komawa. Amma sa'ad da tsoro ya tafi, ba mu sa wata doka a madadinsa ba. Waɗansunmu ma sun ɗauka sare kurmi alama ce ta ƙarfin bangaskiya. Ga shi kuwa Littafin Farawa ya nuna aikin farko da aka danƙa wa mutum aikin gona ne, kashi biyu kuma gare shi, nomawa da kiyayewa. Mun riƙe na fari, mun saki na biyu.

'Yan'uwanmu na Habasha sun bi wata hanya dabam. A tuddan arewacin ƙasar, inda noma ya cinye kusan dukan dajin asali, ragowar da ake gani yau tana kewaye da majami'u ne, dubbansu, domin jama'a sun ɗauki itatuwan a matsayin suturar ɗakin sujada. Wani masanin daji ɗan ƙasar, Dokta Alemayehu Wassie, ya yi shekaru yana aiki tare da firistoci suna kewaye waɗannan wurare da katangar dutse domin tsare su daga dabbobi da garma. Abin da tsoro ya tsare a dā, sanin amana yana iya tsare shi yau.

MATAKI NA FARKO: A FARA DAGA SAMA

Ga abin da muka koya, bisa ga jerin da ya kamata a bi. Da fari, kowane rufi ya riƙe ruwansa. A sa indararo ya zuba a tanki ko duro, ragowar a kai shi wani rami da aka cika da duwatsu nesa da gindin gini, a dasa ayaba kewaye da shi. Filin makaranta da harabar majami'a kada a kankare su ƙal kamar faranti, a bar ciyawa, a riƙa yanke ta.

A gona, a ja kunya a gicciye, kada ta bi gangare. Domin a sami layin da ya yi daidai, ana ɗaure sanduna uku su yi siffar harafin A, a rataya dutse da igiya daga ƙoƙuwa. A tsai da shi a wuri mai leɓe, a yi alama a inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya. A gona kuma, duk inda igiyar ta koma kan alamar, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya, sai a kafa turke a ci gaba. A kan wannan layi ake jera duwatsu ko a dasa ciyawa. Har wa yau a riƙa datse kwarin kunya da ɗan tudun ƙasa bayan kowane taku biyu ko uku, domin ruwa ya tsaya ya nutse. Karan dawa da na masara a bar su a gona su rufe ƙasa, kada a ƙone.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Kofyar da Ngas na Jihar Filato, da Eggon na Nasarawa, da mutanen Tula na Jihar Gombe, sun daɗe suna noma a jikin dutse ta wurin jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur da ke Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya, gonakinsu na hawa-hawa kuma suna cikin dalilan. Tsofaffin da suka iya wannan aiki suna zaune a kujerun gaba a majami'unmu, ba mu taɓa tambayarsu ba.

MATAKI NA BIYU: KAN KWAZAZZABO

Bayan an rage ruwan da ke zuwa, sai a tsai da kan da ke hawan tudu. A haƙa lambatu a sama da shi, nesa da baki kamar ninki uku na zurfin ramin, mai ɗan gangare kaɗan, a dasa masa ciyawa, ya kai ruwa wurin da ke da dutse ko ciyawa mai kauri. A kiyaye, kada a juya ruwa gonar maƙwabci, gama wannan ƙaura ce aka yi wa matsala, da ƙarin gaba a kai. Sa'an nan a sassare gaɓar da ke tsaye ta kwanta, a shimfiɗa tsakuwa, a jera manyan duwatsu a kai, domin ruwan da ya rage ya silalo maimakon ya faɗo. Masu aiki kada su tsaya ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ci gindinta, yara kuma a hana su wasa a wurin, gama gaɓa ba ta sallama kafin ta rufta.

MATAKI NA UKU: CIKIN KWARI

Kuskuren katangarmu shi ne mun so mu tsai da ruwa gaba ɗaya a wuri ɗaya. Abin da ake bukata shi ne ƙananan shingayen duwatsu da yawa, waɗanda ruwa zai tsiyaye ta cikinsu, laka da yashi su kwanta a bayansu. Ƙa'idodinsu huɗu ne. Na ɗaya, kada tsayin shinge ya wuce mita 1, rabin mita ma ya fi. Na biyu, tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa, domin ruwa ya bi ta tsakiya kada ya ci gaɓa. Na uku, a haƙa masa gindi, a kuma cusa gefunansa cikin gaɓa kamar rabin mita. Na huɗu, a shimfiɗa duwatsu a gabansa inda ruwa zai faɗa. Game da tazara, ƙoƙuwar shingen da ke ƙasa ta yi daidai da gindin wanda ke sama da shi. Misali, idan cikin kwari yana sauka mita 1 a kowace mita 20, shinge mai rabin mita yana bukatar tazarar mita 10.

Inda ruwa yake da ƙarfi, ana zuba duwatsun cikin ragar waya mai kauri a ɗaure. Inda babu dutse, a kafa turaku layi biyu, a cusa rassa a tsakaninsu a danne. In turakun ɗanyu ne na itacen da ke kamawa, kamar aduruku, da ceɗiya, da bini-da-zugu, shingen zai yi saiwa ya rayu bayan busassun rassan sun ruɓe. Aikin dutse na rani ne, daga Janairu zuwa Maris. Bayan kowane babban ruwa kuma a je a duba, dutsen da ya goce a mai da shi, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

MATAKI NA HUƊU: A MAI DA SAIWA

Dutse yana sayen lokaci ne kawai, saiwa ce take warkar da kwari. A cikin ciyayi babu kamar jema, wadda muka sani a fadama ana yin asabari da jinka da ita. Irinta na ƙasar Indiya, wanda Bankin Duniya ya shiga yaɗawa tun wajen ƙarshen shekarun 1980, saiwarsa takan nutse mita 3 ko fiye, ba ya kuma bazuwa ya zama ciyawar gona. Ana tsaga gindin a dasa a layi, tazarar santimita 10 zuwa 15, sa'ad da damina ta zauna. Cikin damina biyu layin zai haɗe ya zama shinge mai tace laka. Amma a lura, jema ba ta son inuwa. Wurinta shi ne gonakin sama, da bakin kwari, da inda rana take samu. Gamba ma tana taimakawa a irin wannan wuri. A cikin inuwa da damshi kuwa, a dasa gora da tukurwa, a bar ƙananan tsire-tsire su dawo da kansu.

Kada a dasa babban itace daidai leɓen gaɓa mai tsayi, domin in iska ta kā da shi zai tafi da gaɓar. Ciyawa a baki, ƙananan itatuwa a bayanta, manya kamar maɗaci da ɗorawa da ɗinya a can baya. Itacen turare kuma a nisanta shi daga idon ruwa saboda yawan shansa.

Kafin a kashe kuɗi a kan dashe, a duba kututturan da aka bari. Yawancinsu suna da rai. A 1983, a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara tohon tsofaffin kututture ne masu saiwa a ƙasa. Sai aka fara zaɓen toho kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran, a tsare su daga wuta da dabbobi. Manoman Nijar suka ɗauki wannan dabara suka yaɗa ta, har masana suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai hekta miliyan 5. In haka ta yiwu a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ina ga tamu?

MATAKI NA BIYAR: DOKA DA YARDA

Wannan shi ne mafi wuya, domin ya shafi mutane. Dole a bar wani yanki a kowane gefen kwari ba noma. Mu mun yanka taku goma. Wani dattijo da gonarsa ta fi shiga ciki ya ƙi, ya ce da me zai ciyar da iyalinsa? Gaskiya ce kuwa ya faɗa. Sai da aka yi zama uku a gaban mai unguwa kafin aka daidaita cewa ƙasar tana nan tasa, gora da ayaba da 'ya'yan itacen da za su fito a wurin nasa ne, ya kuma kafa amya ya sami zuma. Wanda aka ce ya bar noma domin amfanin kowa, kada a bar shi ya ɗauki hasara shi kaɗai.

Haka kuma a share hanyar wuta kewaye da kurmi da zarar ciyawa ta fara bushewa. A hana ɗiban yashi a gindin gaɓa. A zauna da makiyaya a keɓe mashaya ɗaya a shimfiɗa mata duwatsu, gama kofato da ƙafar mutum duk turba suke yi, su ma kuma in rafi ya ƙafe shanunsu ne za su sha wuya. Ruwa ba ya tambayar addinin mai gona ko kabilarsa. Maƙwabtanmu Musulmi da ke noman fadama a ƙasa da mu sun zo gayyar ɗaukar duwatsu tun ba mu gama roƙonsu ba, domin yashinmu ne yake binne shinkafarsu.

INDA YA FI ƘARFINMU

Akwai kwazazzabon da fartanya da kwando ba za su iya masa ba. Wanda ya ga na Nanka a Jihar Anambra, ko waɗanda suka raba unguwanni a cikin garin Gombe, ya san wannan aikin injiniyoyi ne. Tun 1981 Gwamnatin Tarayya take da asusu na musamman domin matsalolin muhalli. A 2012 Bankin Duniya ya amince da shirin NEWMAP da dala miliyan 500, aka fara da jihohi bakwai na kudu, daga baya ya kai jihohin arewa kamar Gombe da Filato da Kano, aka rufe shi a 2022. A Disamba 2021 kuma aka amince da shirin ACReSAL da dala miliyan 700 domin jihohin arewa 19 da Abuja. Jama'ar da ke da babban kwazazzabo su kafa turke a wani wuri, su riƙa auna nisansa da bakin ramin kowane wata, su ɗauki hoto, su rubuta takarda ta hannun dagaci da kansila zuwa ma'aikatar muhalli ta jiha, su kuma bi sawu. Takarda mai awo da kwanan wata ta fi kuka nauyi a ofis. Amma kada a naɗe hannu ana jira, gama ramuka sun fi kuɗin yawa, rage ruwa daga sama kuma yana hannunmu ko da wa zai zo.

INDA MUKE YAU

Damina uku ke nan da muka sake dabara. Matasa sun ɗauki dutse, Zumuntar Mata ta raini jema a bayan rijiya, 'yan makaranta suka dasa. Bayan shingayenmu laka ta cika har an sa gwaza da rake. Turken da muka kafa a gefen maƙabarta ya nuna bakin ramin bai ƙara matsowa ba. Idon ruwan ya fara tsattsafowa, yana kaiwa watan Fabrairu kafin ya ɗauke. Tsohuwar nan tana zuwa da 'yar butarta tana ba dashen da ke kusa da kabarin maigidanta ruwa. Amma ba za mu ruɗe ku ba: maɗacin da muka sayar cikin mako biyu, ba mu ne za mu zauna a inuwar irinsa ba, sai dai jikoki. Abin da muka kashe wajen gyara kuma ya fi kuɗin katakon nesa ba kusa ba.

Don haka, 'yan'uwa, roƙonmu ƙarami ne. Ran Lahadi mai zuwa bayan sujada, dattawa da shugabannin mata da na matasa su zagaya bayan majami'a, su bi turbar rafi har ƙasa. In kun ga tsagar da yaro zai tsallake, yau ne ranarta, kwando goma na dutse da layin ciyawa sun ishe ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuma kurminku yana nan da sauran rai, ku yi masa doka tun masu zarto ba su iso ba. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kuma same mu amintattu a kan ƙasar da ya ba mu riƙo.